Makarantar Midil ta Wusasa da Abin da Ya Shafi Ƙasar Maraɗi a Tarihinta

Gabatarwa

A tarihin ilimin boko na ƙasar Hausa akwai makarantun da ba a iya tsallake sunayensu. A ɓangaren da Turawan Ingila suka mallaka, Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, ita ce ta yaye su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A ɓangaren Faransawa kuwa, sai yaro ya ƙetare ƙasashe ya je makarantar William Ponty a Senegal, inda su Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu. Waɗannan duka makarantun gwamnati ne, masu kuɗi da gata. Amma akwai wata ƴar ƙaramar makarantar mishan a bayan birnin Zariya, kusa da dutsen Kufena, wadda ba ta da kuɗin, ba ta da gatan, ga shi kuwa daga cikinta aka sami likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya, da ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da sojan da ya riƙe Nijeriya shekara tara. Ita ce makarantar St. Bartholomew ta Wusasa, wadda tsofaffi suka fi sani da Midil ta Wusasa.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa mutumin Cadakori ko Agye ko Gazawa da wata makaranta da ke can Zazzau? Abin da ya haɗa su shi ne harshe. Littafin da aka fara fassarawa a Zariya shi aka karanta a Tsibiri da Agye, kuma a nan ma ƴan mishan sun koyar da karatu da Hausa. Duk da haka sakamakon bai zo ɗaya ba. Wannan muƙala za ta bi tarihin makarantar, da yadda ɗalibanta suka rayu, da abin da suka zama, sannan ta duba dalilin da ya sa iri ɗaya ya yi yabanya a wancan gefen iyaka, a wannan gefen kuwa ya daɗe bai fid da kai ba.

Mafarin al'amari

A shekarar 1900 wata ƙaramar tawaga ta ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wato C.M.S., ta isa Kano a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. Sarkin Kano Aliyu Babba bai ɓata lokaci ba, ya umurce su da su bar masa gari. Suka juyo kudu suka yada zango a Girku, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. A cikin tawagar akwai wani saurayin likita mai suna Walter Miller, wanda kafin zuwansa ya zauna a Tarabulus ta Libiya ya koyi Hausa a bakin fatake da mahajjata. Wannan Hausa da ya koya ita ce jarinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa hannu a sha'anin addininsu ba. A bisa wannan alkawari aka taƙaita shigar ƴan mishan cikin masarautun Musulmi. Zariya ce ta fita daban, domin a 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, Miller ya sami wuri a cikin birni, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da ƴar makaranta. Ya so ya kafa makarantar ƴaƴan sarakuna tare da goyon bayan gwamnati, amma shirin bai yiwu ba. A maimakon haka gwamnati ta ɗauki Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe mata makarantarta a Nasarawa ta Kano a 1909.

Da ƴaƴan sarakuna suka kuɓuce wa Miller, sai makarantarsa ta zama ta waɗanda ba su da kowa: marayu, da yaran da aka ƴanto daga bauta, da ƴaƴan talakawa ƙalilan da iyayensu suka yarda. A wancan zamani yawancin iyaye Musulmi suna ƙyamar boko ko da na gwamnati ne, balle na mishan. Saboda haka makarantar ta yi shekaru tana tafiyar hawainiya.

Isawa da zaman Gimi

Abin da ya ba makarantar ɗalibai na haƙiƙa ya faro ne tun kafin zuwan Turawa. A tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa matsayi na musamman. Hukuma ta ɗauki koyarwarsa a matsayin ɓata, aka kashe shi a kasuwar Kano wajejen shekarun 1860. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa ƙasar Ningi da gabashin Zazzau, suna riƙe da abin da ya koya musu.

A 1913 wasu daga cikin zuriyar Isawa suka zo wurin Miller a Zariya. Daga wannan haɗuwa aka kafa musu ƙauye a Gimi, da majami'a da makaranta, a ƙarƙashin wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson. Sai dai wurin yana da ƙudan tsando. Cikin ƴan shekaru ciwon barci ya yi wa ƙauyen mummunar ɓarna, har ya watse. Yaran da suka tsira, da yawansu marayu, aka kwaso su zuwa makarantar Zariya.

Ya kamata a lura da irin mutanen nan. Isawa ba baƙin karatu ba ne. Sun fito daga gidajen allo da tawada, sun san darajar malami, sun san zaman almajirci. Da aka miƙa wa ƴaƴansu boko, ba su karɓe shi a matsayin abin Nasara kawai ba, sun karɓe shi a matsayin wani karatun da ya zo bayan wanda suka gada. Wannan tarbiyya ta gida tana cikin asirin abin da makarantar ta zama daga baya.

Ƙaura zuwa Wusasa

Zaman mishan a cikin birnin Zariya bai taɓa rasa tsegumi ba. Miller mutum ne mai kaifin harshe, yana sukar sarakuna da Turawan mulki a fili kan zalunci da cin hanci, kuma tsakaninsa da fada ya yi tsami. A shekarun 1920 ƴar'uwarsa Ethel Miller ta wallafa wata ƙasida da ta ɓata wa Musulmi rai ƙwarai, abin da ya ƙara wa masu son a fitar da mishan daga birni hujja. Wurin kuma ya yi ƙanƙanta ga makaranta da asibiti. A ƙarshe, a 1929, a ƙarƙashin jagorancin wani matashin fasto, Guy Bullen, aka koma wani fili a bayan ganuwa, wato Wusasa. Miller bai so ƙaurar ba. Ya koma Kano ya duƙufa kan fassara, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ya rasu a Bukuru kusa da Jos a 1952.

A Wusasa aka kafa abubuwa uku a jere: majami'ar St. Bartholomew, da asibitin St. Luke, da makaranta. Majami'ar kanta darasi ce. Ba a kwaikwayi ginin Ingila ba. Maginan Hausa ne suka tashe ta da tubali da azara, suka ɗaure rufinta da bakan gizo, irin fasahar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna a Masallacin Juma'a na Zariya kusan shekara ɗari kafin nan. Yaron da ya shiga cikinta bai ji ya bar ƙasarsu ba, soro ne irin wanda ya saba gani.

Ƙaurar ta zo daidai da sabon tsarin ilimi da gwamnati ta shigo da shi wajejen 1930. A tsarin, yaro yana fara elemantare, inda ake karantarwa da Hausa, sannan wanda ya yi ƙwazo ya wuce midil, inda Ingilishi ke zama harshen karatu. Ga malaman Nijar, midil ta yi kusa da abin da muke kira kwaleji, wato matakin da ke tsakanin firamare da lise. Kowane lardi yana da midil ta hukumar gargajiya. Wusasa kuwa ta zama midil ta mishan a tsakiyar ƙasar Hausa, a lokacin da yawancin makarantun mishan na Arewa ba su wuce azuzuwan farko ba.

Rayuwar ɗalibai

Makarantar ta kwana ce ga waɗanda suka zo daga nesa, ƴan gari kuma suna zuwa daga gidajensu. Akwai masaukin samari, akwai na ƴan mata, kuma wannan kaɗai abin mamaki ne a Arewa ta shekarun 1930, lokacin da karatun boko na ƴa mace bai wuce ƴan cibiyoyi ƙalilan da aka buɗe wa ƴaƴan fada ba. Daga cikin ƴan matan Wusasa aka sami malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ungozomomin asibiti tun zamanin da ake ƙirga irinsu da yatsu.

Yini yana farawa da addu'ar safe, yana ƙarewa da ta yamma, bisa al'adar cocin Ingila, amma da Hausa. Kalmomin da ɗalibai ke ji a majami'a ba baƙi ba ne a kunnen maƙwabtansu Musulmi: Allah, annabi, mala'ika, Zabura, Almasihu, tuba, gafara, alheri. Masu fassara, Miller da malaman Hausa da suka yi aiki tare da shi, sun ɗebo su ne daga rumbun da malaman zaure suka daɗe da cikawa. A aji kuwa akwai karatu da rubutu da Hausar boko, da lissafi, da labarin ƙasa, da tarihi, da kiwon lafiya, sannan Ingilishi, wanda makarantar ta ba muhimmanci tun da wuri. Miller yana da ra'ayin cewa yaro ya fara tsayawa da ƙafafunsa a harshen da ya sha a nono, daga nan a buɗe masa ƙofar Ingilishi gaba ɗaya, kada a tsakura masa. A nan ya sha bamban da Turawan mulki da yawa, waɗanda ke tsoron kada ɗan Arewa ya ji Turanci ya raina sarakuna.

Talauci ya sa babu zancen hutu da jin daɗi. Ɗalibi shi ke share ɗakinsa, ya ɗebo ruwa, ya yi wanki, ya taɓa noma da damina. Asibiti yana maƙwabtaka da aji, saboda haka yaro yana tashi yana ganin yadda ake wanke gyambo da yadda ake ba da magani, kuma ba abin mamaki ba ne da aikin likita ya shiga ran da yawa daga cikinsu. Malamai kuma ba su da wata unguwa ta daban mai nisa. Wanda ya koya maka lissafi da safe, shi za ka gani a filin ƙwallo da la'asar, shi za ka tarar a majami'a ranar Lahadi. Yawan ɗaliban bai kai a ce wani ya ɓace a cikin taro ba. Ana sanin kowa da sunansa da na ubansa.

Abu na ƙarshe shi ne cuɗanya. A aji ɗaya ana samun Bahaushe da Bafillace, da ɗan Angas daga tsaunukan Filato, da ɗan ƙasar Binuwai, da jikan wanda aka ƴanto daga bauta bai ma san garin kakanninsa ba. Hausa ce ta haɗa su. Mutanen Wusasa ba su yar da riga da hula ba, ba su yar da gaisuwa da durƙuso ba, kuma ko da an yi wa mutum baftisma da sabon suna, na gida yana nan: Barau, Dikko, Audu, Tafida, Umaru. Wannan ya sa ɗan Wusasa yana iya shiga fada ya yi gaisuwa yadda ta dace, ya fito ya shiga ofis ya rubuta takarda da Ingilishi.

Abin da makarantar ta haifa

Masu iya magana suna cewa, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tun a rukunin farko aka ga alama. Russell Aliyu Barau Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya tashi a hannun mishan na Zariya, ya wuce King's College ta Legas, sannan Jami'ar Birmingham a Ingila, ya dawo a matsayin likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya. Bai tsaya a asibiti kaɗai ba. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948 zuwa 1949, kuma shi aka zaɓa shugabanta na farko. Abin lura a nan shi ne, ƙungiyar da kusan duk ƴaƴanta Musulmi ne, wadda daga baya ta rikiɗe ta zama jam'iyyar N.P.C. ta Sardauna, Kirista ɗan mishan ta fara ɗorawa a gaba. Daga 1967 ya riƙe muƙamin kwamishina a gwamnatin tarayya, ya rasu a 1977. Babban asibitin koyarwa na Kaduna yana ɗauke da sunansa.

A fagen adabi akwai John Tafida Umaru. Lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya nemi a rubuta ƙagaggun labarai da Hausa a 1933, littattafai biyar ne suka fito: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Na ƙarshen nan Tafida ne ya rubuta shi tare da East. Duk malamin Hausa a Maraɗi ko Damagaram da ya taɓa karantar da Jiki Magayi, to, ya ɗanɗani Hausar Wusasa ko bai sani ba.

Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, jinin Isawa ne. Daga Wusasa ya wuce Legas da Ibadan da Landan, ya zama likitan yara, ya kuma yi aiki a matsayin likitan Sardauna Ahmadu Bello. Ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya zama ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a 2005. Adamu Baikie, masanin ilimin koyarwa, ya shugabanci jami'o'i uku: ta Benin, da ta ƙasar Lesotho, da ta Jihar Nasarawa. Theophilus Danjuma, ɗan Takum, wanda ya zama hafsan hafsoshin sojan ƙasa daga 1975 zuwa 1979, shi ma ya zauna a azuzuwan St. Bartholomew.

Wanda duniya ta fi sani shi ne Yakubu Gowon. An haife shi a 1934, mahaifinsa mai wa'azi ne ɗan Angas da ya kawo iyalinsa Wusasa. A nan ya fara karatu kafin ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda yanzu ake kira Barewa. Ya zama shugaban Nijeriya a 1966 yana da shekara 31, ya riƙe ƙasar a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, kuma da yaƙin ya ƙare ya zaɓi sulhu a kan ramuwar gayya. Tarihinsa ya taɓa Nijar kai tsaye: a Yamai, a 1968, Shugaba Diori Hamani ya karɓi baƙuncin tattaunawar neman sulhu, a 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Nijeriya, a 1975 kuma Gowon yana cikin jagororin kafa ƙungiyar CEDEAO.

Wannan gefen iyaka

Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906 sun raba ƙasar Hausa biyu. Maraɗi, wadda sarakunan Katsina na Haɓe suka kafa bayan jihadi, da Tsibiri, wadda Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka faɗa hannun Faransa. A nan ba C.M.S. ce ta zo ba, wata ƙungiya ce mai suna S.I.M., wadda yawancin ma'aikatanta masu jin Ingilishi ne daga Amurka da Kanada da wasu ƙasashe. Ta sauka Damagaram a 1924, ta kafa tasha a Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920. Daga baya aka sami asibitin Galmi a 1950, da asibitin kutare na Danja, da makarantar noma ta Maza Tsaye, da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye, da makarantar firamare ta kwana a Tsibiri. A farkon shekarun 1960 Kiristocin ƙasar suka tsayar da ikilisiyarsu, E.E.R.N.

Su ma waɗannan ƴan mishan da Hausa suka yi aiki. Littafin 1932 shi ne a hannunsu, kuma manoma da yawa a ƙauyukan Gobir da Katsinar Maraɗi sun koyi karatun boko ta hanyarsa. Amma abubuwa biyu suka tare hanya. Na farko doka ce. Dokar da Faransa ta kafa a ranar 14 ga Fabrairu 1922 don ƙasashenta na Afirka ta Yamma ta wajabta cewa duk makaranta mai zaman kanta da Faransanci za ta karantar, malamanta kuma sai masu takardar shaidar da Faransa ta yarda da ita. Koyarwa da Hausa ba ta da matsayin lakwal a idon hukuma, wa'azi ce kawai. Na biyu ra'ayin ita S.I.M. ne. Shugabanninta sun fi damuwa da samar da masu wa'azi a ƙauye fiye da samar da likitoci da ma'aikatan gwamnati, suna tsoron kada ilimi mai zurfi ya janye yara zuwa neman duniya. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta nuna yadda wannan batu na makaranta ya daɗe yana haddasa saɓani tsakanin mishan da Kiristocin ƙasa, waɗanda ke son ƴaƴansu su sami takardar da za ta kai su gaba.

Sakamakon shi ne karatu ya rabu gida biyu. Wanda ya iya karatu da rubutu da Hausa ba shi da takarda. Wanda ke da takarda kuwa ya same ta ne da harshen da uwarsa ba ta ji, sau da yawa ma ba ya iya rubuta wasiƙa da nasa. A Wusasa tsani ɗaya ne: matakin farko Hausa, na sama Ingilishi, ƙarshensa jami'a. A ƙasar Maraɗi an sami matakin farko a wani wuri, sauran tsanin a wani wuri dabam. Ba ƙwaƙwalwa ce yaran Tsibiri suka rasa ba, tsanin ne aka datse.

Inda aka gaza

Tarihi ba kirari ba ne, dole a faɗi ɗaya gefen. Manufar da ta kawo Miller ita ce ya mai da ƙasar Hausa Kirista, kuma wannan bai faru ba. Al'ummar Wusasa ta zauna ƴar ƙarama, wasu daga cikin waɗanda suka yi karatu a hannun mishan sun zauna kan Musuluncinsu ko sun koma gare shi. Haɗa boko da wa'azi ya ƙara wa iyaye Musulmi zargin da suke yi wa makaranta, zargin da har yau ba a gama wanke shi ba a ƙauyukanmu. Kaifin harshen wasu ƴan mishan a kan Musulunci ya bar tabo. Kuma makarantar da ke karɓar yara ƙalilan, komai kyanta, ba ta iya ɗauke jahilcin lardi guda.

Ita ma makarantar zamani ya juya mata. A farkon shekarun 1970, a zamanin mulkin ɗanta Gowon, gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan. Sakandaren St. Paul da ke Wusasa ta koma Kwalejin Kufena. Ɗalibai suka ƙaru, kusancin malami da ɗalibi ya ragu. Zaman lafiyar da aka gada shi ma ya sha jarrabawa: rikicin addini da ya tashi daga Kafanchan a watan Maris 1987 ya kai Zariya da kewayenta, aka ƙone majami'u da yawa. Mu ma a Nijar mun ga irinsa a watan Janairu 2015, lokacin da aka ƙone majami'u da makarantun Kirista a Damagaram da Yamai da wasu garuruwa. Al'ummar da ta taɓa ɗora Barau Dikko a kan shugabancin ƙungiyarta ba don addininsa ba, sai don iliminsa da amanarsa, ya kamata ta tambayi kanta inda aka saki hanya.

Kammalawa

Nijar ta daɗe da gane matsalar datsattsen tsani. Tun a 1966 aka yi taron Bamako kan daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Sai dai an shafe shekaru da dama ana kiran waɗannan makarantu na gwaji, kamar ba a gama yarda da su ba. A watan Maris 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki.

Doka ta buɗe ƙofa, amma doka ba ta shiga aji. Abin da tarihin Wusasa ke nuna wa malamin Cadakori ko na Gidan Runji, ko makarantarsa ta gwamnati ce, ko ta Faransanci da Larabci, ko ta mishan, abu uku ne. Yaro ya fara karatu da harshen da yake tunani da shi, har ya iya rubuta shi da kyau. Kada a tsaya nan, a ba shi harshen waje cikakke, da hanyar da za ta kai shi kwaleji da jami'a ba tare da ya sake komawa farko ba. Sannan malami ya san ɗalibinsa, ya san gidansu, kada makaranta ta zama wurin da ake koya wa yaro jin kunyar rigar ubansa.

Ga ƙungiyoyin al'adu kuma akwai aiki na gaggawa. Tsofaffin da suka yi karatu a Tsibiri da Agye da Maza Tsaye, da takwarorinsu na lakwal ɗin gwamnati na farko a Maraɗi da Tasawa, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Tarihin Wusasa ya tsira ne domin ƴaƴanta da malamanta sun rubuta shi. Namu yana nan a bakin dattawa da cikin tsofaffin akwatuna. In ba a je an zauna da su an ɗauka an rubuta ba, da Hausa, wata rana za a nema a rasa.